Fim ko dijital: wace kyamara za a kai Ƙofar Soro ranar hawa?

Ɗan_Ƙofar_Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ga Pentax K1000 mai fim da lensi biyu, 50mm da 135mm, ga kuma Sony A7 III ta dijital. Ana so a ɗauki hawan sallah a Ƙofar Soro, fadar Sarkin Katsina, musamman lokacin jahi. Abin da ake yawan faɗa shi ne fim ya fi dijital riƙe farar riga cikin rana, shadda ba ta ƙonewa ta koma fari fat har aikin wuya ya ɓace. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne wace za a ɗauka, kuma da wane saiti? Bayani na aiki nake nema don Allah.

Baba_Yashica:
Wa alaikumussalam ɗana. Maganar tana da tushe, amma ga fim mai dodo (wato nagatif) kaɗai, irin Kodak Gold 200 ko Portra 400. Sensar dijital kamar kwano take ƙarƙashin indararo, in ya cika ya cika, abin da ya zube ba ya dawowa. Shi kuwa dodo a hankali yake ƙoshi. Ka ba shi haske fiye da ƙa'ida da mataki biyu, har uku, za ka iske zaren aikin babbar riga yana nan. Mataki ɗaya shi ne ninkin haske sau biyu, kamar buɗe ƙofar lensi daga f/11 zuwa f/8. Inda yake da rauni shi ne inuwa. Ka rage mashi haske da mataki ɗaya fuskar da ke ƙarƙashin rawani ta fara dusashewa, mataki biyu ta zama toka-toka. Dijital akasin haka take. Don haka da fim ana auna haske don fuska a bar riga ta kula da kanta, da dijital ana auna don riga a ɗago fuska a kwamfuta.

Bakatsine_RAW:
Baba ya gama magana a kan asalin abin. Sai dai masu cewa dijital na ƙone shadda galibi JPEG suke ɗauka, kyamara kuma tana kan otomatik. A7 III a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, ISO 100, ka kunna alamar zane-zanen nan da ke nuna inda fari ya fara cika, ka rage haske har ta bar kan riga. Daga baya ka ɗago inuwa mataki uku ba tare da hoton ya lalace ba. Farar riga ba hujja ba ce ta barin Sony a gida.

Malama_Hasken_Rana:
Kowace ka ɗauka, mitar haske za ta yaudare ka a filin nan. An gina ta ne ta mai da duk abin da ta gani ruwan toka matsakaici. Da ta ga fararen riguna da ƙura mai haske sun cika gilashi sai ta ce haske ya yi yawa, ta sa ka rufe ƙofar lensi, fuskoki su fito baƙi ƙirin. Maganinta: ka miƙa tafin hannunka cikin hasken da ke kan mahayan, ka cika gilashi da shi, ka daidaita allurar K1000 a tsakiya, sannan ka buɗe mataki ɗaya. Ka bar saitin nan, kar ka riƙa bin allura tana hawa tana sauka.

In batir ya mutu ba komai. A rana tsaka, f/16 da gudun shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, daidai da lambar fim. Fim 200 ke nan f/16 a 1/250, wanda daidai yake da f/11 a 1/500, ko f/8 a 1/1000. Tunda dodo na son ƙari, sa f/5.6 a 1/1000. Ƙurar kofato in ta tashi ta rufe rana tana cin kusan mataki ɗaya, ƙarin nan shi zai rufa maka asiri.

Auta_Daura:
Ai duk tsofaffin kyamarorin nan ba ruwansu da batir, shi ya sa suka fi. Canon AE-1 ma haka take.

Injiniya_Rafindadi:
A'a Auta, gyara kaɗan. AE-1 da ta fito 1976 shotarta ta lantarki ce, in babu batir mai bolt 6, wato 4LR44, ko ƙyas ba za ta yi ba. Waɗanda ke bugawa babu batir su ne irin K1000, Nikon FM2 da Olympus OM-1, su mita kaɗai ke cin wuta. K1000 ƙwaya ɗaya take ɗauka, LR44 ko SR44, kuma ba ta da makunni: da ka cire murfin lensi mita ta tashi. In aka aje ta babu murfi batir zai ƙare a banza. OM-1 kuma an yi ta ne don batir mai mekuri na bolt 1.35 wanda aka daina yi. In ka cusa mata na 1.5 allura za ta yi ƙarya. Batirin na'urar ji ta kunne mai lamba 675 ya fi kusa, bolt 1.4 yake bayarwa, sai dai ba ya daɗewa da an ɓare takardar bayansa.

Auta_Daura:
Na gode Injiniya, na ƙaru.

Injiniya_Rafindadi:
Ɗan_Ƙofar_Marusa, kafin a zo batun saiti, an gwada K1000 ɗin? Ƙarama a cikinsu ta 1997 ce, shekarar da aka daina yin ta. Buɗe bayanta ka duba ramin da ƙofa ke zama da wajen maɗaurin ƙofar. Akwai baƙin soso da ke tare haske. In ka taɓa da tsinken sakace ya manne kamar kwalta, ya mutu, kuma shi ne ke kawo jan zane ko ruwan lemo a gefen hoto. A kankare shi da tsinke da ɗan auduga mai sifirit, kar a bari ɓarɓashi ya faɗa kan labulen shota, a yanka sabon soso mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5 a liƙa. Akwai wani guntu a saman inda madubi ke bugawa, shi ma a sake shi.

Sai shota. Cire lensi, bar baya a buɗe, ɗaga ta wajen farin bango ka buga a 1/1000. Ya kamata ka ga ƙyallin haske ya cika tagar daga gefe zuwa gefe. In rabi ka gani, labule na biyu yana cim ma na farko saboda mai ya daskare, kuma duk hoton jahi da za a ɗauka a wannan gudun zai fito da gefe ɗaya a duhu. Wannan aikin mai gyara ne, kar a ɗiga mata man keken ɗinki. A ƙarshe haska tocila ta cikin lensi. Ƙura ƙalilan ba ta hana komai. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta damina, musamman in a jakar fata aka aje ta.

Kusugu35:
Ku bar batun riga, ku lissafa doki. Da 135mm a f/8, in ka sa fokas a mita 20, abin da zai fito tsaf daga wajen mita 16 ne zuwa 27. Mita 11 ke nan. Doki a cikakkiyar sukuwa yana cinye kusan mita 12 a daƙiƙa ɗaya. A f/5.6 da Malama ta ce tazarar ta ƙara matsewa. K1000 kuma sai ka ja hannu kafin ka sake bugawa, hoto ɗaya za ka samu a kowane zuwa. A7 III tana buga 10 a daƙiƙa tana bin dokin da fokas. Ga jahi babu gasa a nan. In dole sai da fim, ka zaɓi wata alama a ƙasa, ka sa fokas a kanta tun dawaki ba su taso ba, ka buga daidai lokacin da suka ja linzami suka ɗaga hannu. A nan doki ke kusan tsayawa, kuma a nan hoton yake.

Bakatsine_RAW:
Ƙari a kan na Kusugu: a Sony kar a sa shota marar ƙara don jahi. Tana karanta sensa ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, abu mai gudu sai ya karkace, ka ga mashi ya lanƙwashe ko ƙafar doki ta miƙe banbaraƙwai. Shotar ƙarfe, 1/2000.

Mai_Dodo:
Duk kuna magana kamar aiki ya ƙare da an danna. A fim rabin hoton a wanki yake, kuma nan ne garinmu ke ba da wahala. Wuraren wankin hoto na yanzu daga memori da waya suke bugawa. Kafin ka sayi nadi ko ɗaya, tabbatar da wanda zai wanke maka, ko ka shirya wankewa da kanka.

Baƙi da fari shi ne mai sauƙin kaya. Jakar duhu, tankin Paterson da faifansa, ma'aunin zafi, kofin awo, dibelofa mai fito da hoto da fiksa mai tabbatar da shi. Nadi ɗaya na 35mm yana shan mililita 290, a cika 300. Fim ɗin Ilford HP5 a ISO 400 cikin dibelofa ID-11, rabi magani rabi ruwa, minti 13 a digiri 20. Ko Rodinal, mililita 6 cikin ruwa 300, minti 11. A juya tanki sau huɗu a farkon kowane minti, a ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki fim. A zubar, a ɗauraye, a zuba fiksa kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, minti 5. Sai ɗauraya: cika tanki juya sau 5 zubar, cika juya sau 10 zubar, cika juya sau 20 zubar.

Matsalar ita ce digiri 20 ɗin. A watan Afrilu ruwan tankin sama ya wuce 30 tun da hantsi. Da shi dibelofa zai yi aiki da gaggawa, fari ya toshe, tsabar fim ta yi kauri. Ɗebo ruwan randa, wanda ya fi sanyi, ka sauko da shi da ƙanƙara. In 20 ta gagara a tsaya a 24, a rage minti 13 zuwa wajen 9. Kar lokacin ya gaza minti 5, wanki ba zai yi bai ɗaya ba. Abu mafi muhimmanci, duk ruwan da zai shiga tankin ya zama zafinsu ɗaya. In dibelofa na 20, ruwan ɗauraya na 33, fatar fim tana iya yamutsewa ta yi tsaga-tsaga kamar ƙasar fadama a rani, kuma ba ta gyaruwa.

Hajiya_Ƙofar_Ƙaura:
Malam Mai_Dodo, ka manta wurin da masu koyo suka fi faɗuwa, wato ɗora fim a faifai. Cikin jakar duhu hannu na yin gumi cikin minti biyu, faifan roba kuma in ya ji danshi ko kaɗan fim zai cije ya ƙi tafiya. In aka matsa mashi sai ya karye ya bar alamar jinjirin wata a hoto. A yi shi da asuba ko gaban fanka, faifai a bushe ƙayau, a rage kusurwoyin bakin fim da almakashi. A fara koyo da mataccen nadi a cikin haske, sau goma, ido rufe.

Wajen shanya kuma, ruwan burtsatse yana barin farin tabo. Ɗaurayar ƙarshe a yi ta da tataccen ruwa irin na batir, wanda babu asid a ciki, da ɗigon Photo-Flo, kashi 1 cikin 200. A yayyafa ruwa a banɗaki ƙura ta kwanta, a rataye fim da ɗan nauyi a ƙasa, a rufe ƙofa awa biyu. Ƙurar da ta faɗa kan jiƙaƙƙen fim ta zama ɗaya da shi. Tsohuwar fiksa kuma akwai azurfa a ciki, kar a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Ɗan_Ƙofar_Marusa:
Allah ya saka da alheri. Amma Yaya Mai_Dodo, hawa a baƙi da fari? Jan kayan dogarai da kwalliyar dawaki fa?

Mai_Dodo:
To sai C-41, wankin kala. Kuma ta wani ɓangaren ya fi dacewa da mu, don a digiri 37.8 ake yin sa, dibelofa minti 3 da daƙiƙa 15. Riƙe ruwa a 38 a Katsina ya fi riƙe shi a 20 sauƙi nesa ba kusa ba. Roba babba cike da ruwan ɗumi, kwalabe da tanki a ciki, fulas na ruwan zafi a gefe don ƙari. Sai dai ba ya yafiya: kuskuren digiri ɗaya yana karkatar da launi, ja ya tafi wani wuri, fata ta yi kore-kore. Maganin kuma in an haɗa shi ba ya daɗewa, iska ke kashe shi. A tara nadi da yawa a wanke cikin 'yan kwanaki, kwalabe a cike har wuya.

Baba_Yashica:
Kar a manta da ajiya. Zafi yana cin fim ɗin kala tun yana cikin kwali, ya sa mashi hazo, launi ya gurɓace. Cikin mota a rana, yini ɗaya ya isa. Firji ya fi, amma da yanayin wutarmu ana ɗaukewa ana kawowa, raɓa ke taruwa. A bar shi cikin gwangwaninsa na roba, a sa a leda mai zif. In an fito da shi a jira awa ɗaya kafin a buɗe. Wanda kwanansa ya wuce, abin da aka saba shi ne a ƙara mashi mataki ɗaya a kowace shekara goma, to amma wannan ga wanda aka aje da kyau ne. Wanda ya shekara goma a kanta cikin kasuwa ba na ba da shawarar a kai shi hawa. In daga waje za a zo maka da shi, a roƙi ma'aikatan filin jirgi su duba da hannu, sabbin na'urorin CT suna lalata fim a wucewa ɗaya.

Sarkin_Fiksel:
Ni dai abin da na sani fim 35mm ya kai megafiksel 100. Kodak ma rashin sanin dijital ne ya kashe su.

Bakatsine_RAW:
Ɗan'uwa, duka biyun akwai gyara. Injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, megafiksel 0.01, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Sun san ta sarai, kuɗinsu ne ke cikin fim da sinadarai. A 2012 suka nemi kariyar kotu saboda bashi, kuma har yau ana yin fim da sunansu.

Batun megafiksel, lissafi ne. Tagar 35mm milimita 24 ce sau 36. Sikan a 2400 dpi, wato ɗigo 2400 a kowane inci, zai ba ka wajen 3400 sau 2270, kusan megafiksel 8. A 4000 dpi wajen 21, kuma a nan da fim 400 tsaba kake ƙara gani, ba sabon bayani ba. A7 III mai 24 ta fi shi tsabta, balle da yamma a ISO 3200. In ana son fim ya yi gogayya ta wannan fuska sai a hau babban fim na 120, a kyamara irin Yashica Mat 124G, dodo santimita 6 sau 6, hoto 12 a nadi.

Hajiya_Ƙofar_Ƙaura:
Kuma megafiksel 8 ɗin ba abin rainawa ba ne. Bugun inci 8 sau 12 a 300 dpi 2400 sau 3600 yake buƙata. Ya isa hoton bango na falo.

Kusugu35:
Tunda Sony na hannu ba sai an sayi na'urar sikan ba. Lensin makro mai 1:1, kyamara a kan ƙafa tana kallon ƙasa daidai, dodo a shimfiɗe kan farin fitila mai bai ɗaya, a ɗan ɗaga shi daga fitilar. ISO 100, f/8, RAW, a sa jinkirin daƙiƙa biyu don kar hannu ya girgiza. A bar ɗan gefen fim a cikin hoton, da shi ake cire ruwan lemon dodo kafin a juya launi. Nan ne kuma maganar Baba ta farko ke tabbata ko ta rushe. Zaren rigar yana cikin dodo, amma in mai sikan ya bar inji a otomatik ya ba ka ƙaramin JPEG, rigar za ta ƙone kamar yadda ake zargin dijital.

Malama_Hasken_Rana:
Wannan gaskiya ne, kuma ya shafi fata. Shekaru da yawa injinan wanki ana daidaita su ne da katin gwaji na Kodak mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley. Shi ya sa ba a bar wa inji hukuncin fuskokinmu. A ba fim isasshen haske, a daidaita launi da ido a kan fuskar mutum. In za a tura wa mai hawa hotonsa ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi duk wahalar ta tafi.

Injiniya_Rafindadi:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. Lensin Pentax ɗin zai hau Sony da adafta ta ƙarfe zalla, babu gilashi. Tazarar bakin Pentax K zuwa fim milimita 45.46 ce, ta Sony E 18, adafta cike gibin kawai take. A7 III sensarta girman fim ce, 135 zai zauna 135. Fokas da hannu ne, amma laushin tsohon gilashi yana nan. Sharaɗi ɗaya: kar a canza lensi a filin hawa. Sensar kyamara marar madubi a buɗe take, ƙurar da ta shiga za ta fito a kowane hoto, ta fi bayyana a sararin sama daga f/11 zuwa sama. Fim kowane hoto sabon fili ne, sai dai shi ma ƙwayar yashi ɗaya a farantin baya tana jan layi tun daga hoto na 1 har na 36. A hure cikinta da famfon roba kafin a ɗora nadi. Kuma in iska ta bushe irin ta hunturu, a naɗe fim baya a hankali, gaggawa na haifar da tartsatsin da ke zana rassa a dodo.

Baba_Yashica:
Abin da ke sa ni riƙe da fim ba kaifi ba ne. Dodon baƙi da fari da aka ɗauraye da kyau aka sa a rigarsa, jikoki za su ɗaga shi a rana su ga kakansu a kan doki, babu caji babu kwamfuta. Hotunan hawa nawa ne suka tafi tare da wayar da ta faɗa ruwa?

Bakatsine_RAW:
Haka ne Baba, amma dodo ƙwaya ɗaya ne tak, gara ko gobara ko ɗigon rufi sun isa. Na kala kuma launinsa na koɗewa a zafi, tsohon fim in ya fara warin tsami ya kama hanyar lalacewa. Dijital in an yi mata kwafi uku, biyu a na'urori daban, ɗaya a wani gida ko intanet, ta fi tsira. A7 III ramin memori biyu gare ta, a sa ta rubuta a duka lokaci ɗaya. A guji memori na jabu, wanda ke nuna 128GB alhali cikinsa bai kai ba, sai ya cika ya fara taka hotunan farko.

Ɗan_Ƙofar_Marusa:
Abin da na tsinta: Sony da dogon lensi don jahi, K1000 da 50mm don mahaya kafin a taso, inda ake tsaye ana gyara rawani. Na duba soson ƙofa yanzu, yana manne wa tsinke.

Kusugu35:
To a sake shi, sannan a ƙona nadi ɗaya na gwaji kafin sallah. Je Hasumiyar Gobarau da hantsi, sa wani ya tsaya da farar riga, ɗauki abu ɗaya sau uku: yadda mita ta ce, ƙarin mataki ɗaya, ƙarin biyu, ka rubuta a takarda. Wasu a 1/1000 don a ga lafiyar labule. In ka ɗora fim ka lura da abin naɗe fim baya da ke hagu, in ba ya juyawa lokacin da kake jan hannu, fim bai kama ba.

Mai_Dodo:
Ni har yanzu ban gamsu a kai kala ba in ba a san mai wankewa ba. Nadin da aka ɗauka ya zauna wata uku a aljihun jaka cikin zafin nan, inuwarsa ce ke fara tafiya. Ɗan_Ƙofar_Marusa, wane fim ne a hannunka, kuma wace shekara aka rubuta a kwalin?